Ɓaure a Tukunya, Rana a Dandali

Akwai wata bishiya da ta zama alamar samun wuri a wajen ɗan bokon Arewa. Tana tsaye a kusurwar ofishin darakta a Abuja, a bakin ƙofar otal a Gusau, a falon sabon angon da ya samu aiki da ƙungiyar agaji. Farar tukunya ce mazauninta, ganyenta kuma yana sheƙi saboda kullum safiya masinja ko ƴar aiki na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Mai ita yakan kira ta fulawa, ko da yake bai taɓa ganin furenta ba. Kaɗan ne daga cikin masu sayenta suka san cewa dangin ɓaure ce, ƴar uwar ceɗiya da durumi da gamji, itatuwan da kakanninsu suka yi shari'a da ciniki da ɗaurin aure a ƙarƙashinsu.

Ba laifi ba ne mutum ya ƙawata ɗakinsa. Laifin shi ne abin da tukunyar take fallasawa. Ajin mutanen da ke riƙe da alƙalami da kasafin kuɗi a ƙasar Hausa ya sauke itace daga matsayinsa na abin buƙata, ya mayar da shi kayan ado. Wanda ya ɗauki bishiya a matsayin ado, a matsayin ado zai tsara mata manufa: a dasa ranar biki, a ɗauki hoto, a watse. Garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Zamfara, su ne ke biyan farashin wannan tunani, domin a can inuwa ba ƙawa ba ce. Ita ce ɗakin jiran asibiti, ita ce rumfar mai tallan fura, ita ce ajin makarantar allo, ita ce harawar akuya a watan da babu ciyawa.

Abin da ke cikin tukunyar

Dangin ɓaure babban gida ne. Masana tsirrai na kiransa Ficus, kuma sun ƙidaya iri fiye da 800 a cikinsa. Uku ne suka fi yawa a shagunan masu sayar da furanni na bakin titi.

Na farko shi ne Ficus benjamina, mai ƙananan ganye da rassa masu sunkuyawa. Asalinsa kudanci da kudu maso gabashin Asiya har zuwa arewacin Ostareliya, kuma shi ne bishiyar da birnin Bankok ya ɗauka a matsayin tambarinsa. A gida ƙaton itace ne. A tukunya kuwa shagwaɓaɓɓe ne: da an matsar da shi daga wannan taga zuwa waccan sai ya zubar da ganye.

Na biyu shi ne Ficus elastica, wanda ake kira itacen roba, mai kaurin ganye. A jihar Meghalaya da ke arewa maso gabashin Indiya, mutanen Khasi sukan ja saiwoyinsa su tsallakar da su rafi, su yi ta saƙa su shekara da shekaru har su zama gada. Gadar siminti tana fara tsufa ne daga ranar da aka buɗe ta. Wannan kuwa kullum ƙara ƙarfi take yi, kuma wanda ya fara ta ya san jikokinsa ne za su fi shi morar ta.

Na uku shi ne abin dariyar, in da abin dariya. Ficus lyrata, mai faffaɗan ganye da Turawa suka ga ya yi kama da gogensu, ɗan Afirka ta Yamma ne, daga Saliyo har Kamaru. A shekarar 2016 jaridar New York Times ta bayyana shi a matsayin tsiron da masu ƙawata gidaje ke yayi. Daga nan hotunansa suka cika Instagram, daga Instagram kuma ya dawo mana a matsayin kayan Turai. Sai da baƙo ya yaba ɗan gida kafin masu gida su ba shi kujera.

Masu tallar waɗannan tsirrai suna da wata magana da suke maimaitawa, wai suna tace iskar ɗaki. Tushen maganar wani rahoto ne da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, bayan gwaji a cikin ƙananan akwatuna da aka toshe ko'ina. Ɗakin mutum ba akwati ba ne. A 2019 masu bincike biyu na Jami'ar Drexel, Michael Waring da Bryan Cummings, suka sake nazarin gwaje-gwajen da aka yi cikin shekaru 30, suka gano cewa sai an cusa tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta taga da ƙofa ke yi. Ke nan ko kwalliyar ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ado ne kawai, kuma gara a kira shi da sunansa.

Dangin da aka baro a gida

Bahaushe bai jira wani ya gabatar masa da wannan dangi ba. Tun a 1916 wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kuma abin da ya tarar shi ne al'umma mai rarrabe dangin ɓaure ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da aikinsa.

Ɓaure, wato Ficus sycomorus, mazaunin bakin gulbi da fadama ne, kuma masu haƙar rijiya sun daɗe suna ɗaukar sa alamar ruwa na kusa. Ƴaƴansa na yara ne da tsuntsaye da awaki. Ceɗiya, Ficus thonningii, ita ce bishiyar ƙofar gida da bakin masallaci, mai zuro saiwa daga rassa kamar gemu. Durumi, Ficus polita, mai santsin ganye da duhun inuwa, shi ne na ƙofar fada da tsakiyar kasuwa. Gamji kuwa, Ficus platyphylla, shi ne babban yaya: faffaɗan ganye, jan jiki, rassa masu rufe fili. A zamanin mulkin mallaka har fitar da danƙonsa aka yi zuwa Turai da sunan jar robar Kano, ɓawonsa kuma masu maganin gargajiya sun daɗe suna aiki da shi, har masana harhaɗa magunguna na zamani suka shiga bincikensa.

Dubi taswira ka ga girman da aka ba su. A cikin birnin Kano akwai Durumin Iya da Durumin Zungura da Ceɗiyar Ƴan Gurasa. A jihar Katsina ƙaramar hukuma guda sunanta Ɓaure. A Abuja kanta, inda tukwanen suka fi yawa, akwai gunduma mai suna Durumi, kuma da wuya ka sami ɗaya cikin goma na masu bi ta can da zai iya nuna maka ganyen durumi. Da Arewa ta so ta yi wa Sir Ahmadu Bello kirarin da ya isa, ba ta kira shi zinare ko dutse ba. Gamji ta kira shi, itacen da jama'a ke fakewa a ƙarƙashinsa. Yau akwai masu rantsuwa da sunan Gamji a kowane taron siyasa, amma a tambaye su yaushe rabon da su dasa gamji ko da guda.

Wasu al'ummun ba su yi wannan sakaci ba. Bishiyar da ke tsakiyar tutar yankin Oromiya a Habasha, wadda suke kira Odaa, ɓaure ne, domin a gindinsa majalisarsu ta gargajiya ke zama. A Nairobi, cikin Nuwamba 2020, an so a tumɓuke wani tsohon itace na wannan dangi domin a shimfiɗa babbar hanya. Jama'a suka tashi, har shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da umarnin a bar shi, aka gyara tsarin aikin. Hanyar ta biliyoyi ce, amma ita ta kauce.

Abin da ke cikin ɓaure

Kowane yaron karkara ya san in ana son a ci ɓaure da daɗi ba a tona cikinsa, domin ba ya rasa ƙwari. Abin da ba a cika sani ba shi ne ƙwarin nan ba ɓarna suke yi ba. Su ne rayuwar itacen.

Abin da muke kira ɗan ɓaure, a haƙiƙa, jaka ce da furanni ɗaruruwa ke jere a cikinta. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin furen ɓaure a reshe. Wata ƴar mitsitsiyar ƙwaro, dangin zanzaro, da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ita ce kaɗai ke iya kutsawa ta ɗan ramin da ke bakin jakar. Ramin ya yi matsi har fikafikanta kan karye a hanya. Tana shiga sai ta barbaɗa garin furen da ta ɗauko daga wata bishiyar, ta saka ƙwai, ta mutu a ciki. Mazan da aka ƙyanƙyashe ba su da fikafikai. Aikinsu su sadu da matan, su huda musu ƙofar fita, su ma su mutu. Matan su kwashi garin fure su tashi, kuma kwana ɗaya ko biyu kawai gare su su sami wani ɓauren da ya shirya karɓar su. Galibi kowane irin ɓaure da irin ƙwaronsa.

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga wannan. Na farko, tunda ƙwaron ba ya iya jira, dole a kowane lokaci na shekara a sami wata bishiyar da ke da ƴaƴa. Don haka dangin ɓaure ke ba da abinci a lokacin da sauran itatuwa suka kame hannu. Wani nazari da aka wallafa a 2001 ya lissafa nau'in tsuntsaye da dabbobi fiye da 1,200 da ke cin ƴaƴan wannan dangi a duniya. Bahaushe ya riga ya lura: akwai tsuntsuwar da ya raɗa wa suna kurciyar gamji. Su da jemagu ne ke yaɗa irin wasu itatuwan a duk inda suka sauka.

Na biyu, bishiyar ɓaure ba ta rayuwa ita kaɗai. A 2009 aka wallafa wani bincike da aka yi a bakin kogin Ugab na ƙasar Namibiya, inda aka tabbatar da cewa iska kan ɗauki ƙwaron ɓaure ya kai garin fure nisan kilomita 160. Wannan ya zarce tsakanin Anka da Gummi nesa ba kusa ba. Ma'ana, tsohon ɓauren da ke tsaye shi kaɗai a bakin Gulbin Zamfara mahaɗa ne a wata doguwar sarƙa da ido ba ya gani, kuma wanda ya sare shi ba inuwar unguwarsa kaɗai ya rage ba.

Na tukunya fa? Biyu daga cikin ukun, ƙwaronsu yana can Asiya. Ba zai yi iri ba, ba zai ciyar da tsuntsu ba, ba zai yi wa kowa inuwa ba. An raba shi da duk abin da ya sa shi ɓaure, aka bar masa sheƙin ganye.

Yammacin Zamfara

Duniya ta san Anka da Bukkuyum ne ta hanyar masifa. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Ƴargalma, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. A farkon Janairun 2022 ƴan bindiga suka afka wa ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu: gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. A Agustan 2024 ambaliya ta ci gidaje masu yawa a garin Gummi. Wanda zai yi maganar itace a irin wannan wuri dole ya faɗi dalilinsa.

Dalilin shi ne rashin tsaro ya sauya dangantakar gari da itace. Dajin da ake zuwa itacen girki da saiwar magani da kiwo ya koma hannun masu bindiga. Mutanen ƙauye sun kwararo cikin garuruwa, kowane gida da murhunsa, wasu da ragowar awakinsu. Nauyin da daji ke ɗauka a da, yanzu ya dawo kan ƴan itatuwan da ke cikin gari da kewayensa. Tun kuma da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi da icce, kamar yadda ake faɗa a Zamfara.

A nan akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa. Mai gawayi bai damu da ceɗiya ba. Itacenta laushi gare shi, ƙirya da marke da kaɗanya yake nema. Dangin ɓaure mutuwar sannu suke yi. A sassabe rassan don dabbobi har a bar kututture tsirara, shekara bayan shekara ba hutu. A kwashe ɓawon don magani har a zagaye gindin, alhali itacen da aka yi wa zobe ba ya tashi. A zo faɗaɗa hanya ko gina kwalbati, injiniya ya ja layi a takarda daga Gusau, ceɗiyar da ta girmi hanyar ta faɗa cikin layin. A yanka filin gaban kasuwa a yi shaguna, durumi ya zama cikas. Mafi yawa kuma tsufa ne kawai: wanda ya dasa ya rasu tun tuni, ba wanda ya dasa magaji.

Ga kuma zafi. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, kuma a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai 48.5. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa wurin da ke cikin inuwa kan fi wanda rana ke duka sanyi da digiri 11 zuwa 25. Mai ofis yana da na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Matar da ta kawo ɗanta asibiti daga Bagega ko Gwashi, ta zauna jiran layi da azahar, ba ta da komai sai abin da wani ya dasa shekara 50 da suka wuce. In bai dasa ba, ba ta da komai.

Bikin dashe

Ba za a ce ba a kashe kuɗi a kan itatuwa ba. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da aka sa a sahun gaba. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Matsalar ba rashin kuɗi ba ce. Matsalar ita ce abin da ake ƙirgawa.

Ana ƙirga dashe, ba a ƙirga inuwa. Kowace damina sai a ji an raba tsirrai dubu kaza. Babban baƙo ya durƙusa da babbar riga, a miƙa masa shebur mai kintinkiri, ya sa ɗan tsiro mai tsawon taƙi a rami, kyamarori su haska. Kafin motocin su kai Gusau akuya ta gama da shi. Wanda ya tsira daga akuya, bazara na jiransa. Badi a dawo filin nan a sake, domin kwangilar ta raino da rabawa ce, ba ta rayarwa ba. Wannan shi ne tunanin tukunya da aka fitar waje: itace abin nunawa ne na rana ɗaya.

Me ake dasawa kuma? Dogon yaro da turare, baƙi daga Indiya da Ostareliya. Dogon yaro ya yi wa Arewa hidima tun zuwansa Borno a 1928, ba mai musun haka. Amma gari ba ya rayuwa da itace iri ɗaya, kuma ɗacin ganyensa ba abin da tunkiya za ta yi marmari ba ne.

Abin takaicin shi ne ceɗiya da durumi ba sa buƙatar gandun raino, ba sa buƙatar leda, ba sa buƙatar kwangila. Reshe ake sara, mai kaurin damtse da tsawon mutum, gab da faɗuwar damina. A jingine shi a inuwa ƴan kwanaki har nonon ya tsane, a kafa shi a rami mai zurfin kamu guda, a danne ƙasa. Tunda dogo ne, tohonsa na fita sama da bakin akuya. Cikin ƴan shekaru ya fara tara mutane. Haka kakanni suka yi a ƙofar kowane zaure, haka kuma manoman Tigray a arewacin Habasha ke yi da ceɗiya yau, suna ciyar da dabbobinsu ganyenta a rani. Wataƙila babban aibin wannan hanya a idon mai tsara kasafi shi ne arharta: ba inda za a rubuta kuɗin sufuri.

Wanda ke shakkar cewa hanya mai arha na iya sauya ƙasa, ya leƙa Maraɗi. Tun wajen 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara barin kututturan da ke gonaki su yi toho, suna rage rassa suna kula da su. Masu binciken da suka auna da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Yawancinsu gawo ne da makamantansa, ba dangin ɓaure ba, amma darasin ɗaya ne: itace yana rayuwa ne idan yana da mai shi.

Masu cewa ba yanzu ba

Za a ce, ana kashe mutane kana zancen ceɗiya. Amsa ita ce ba wanda ya ce a janye soja a kawo shebur. Tsaro aikin gwamnatin tarayya da ta jiha ne, kuma dole a ci gaba da matsa musu. Amma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da tituna da filayen jama'a. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da bataliya, amma yana da tasha da kasuwa. Tun kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan cin gashin kan ƙananan hukumomi, hujjar cewa komai yana hannun gwamna ta fara rauni. Itacen da ba a kafa bana ba, ba zai yi inuwa ranar da zaman lafiya ya dawo ba.

Za a ce saiwarsu tana fasa gini da rijiya da masai. Gaskiya ne, kuma shi ya sa magabata ba su dasa gamji a tsakar gida ba. Wurinsu fili ne: dandali, harabar makaranta da asibiti, bakin kasuwa, gaɓar gulbi, nesa da katanga da taku 20 ko fiye. Wannan hujja ce ta a tsara, ba ta a daina ba. Ambaliya irin ta Gummi ta fi ƙarfin kowace bishiya, amma gaɓar da saiwa ta riƙe ba ta zabtarewa kamar wadda aka aske.

Za a ce manyan itatuwa matattarar iskoki ce, gara a rabu da su. Wanda ke faɗin haka da sunan addini ya tuna cewa akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 95, da aka sanya wa sunan Tini, ɗan wannan dangi. Ya tuna kuma da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya sanya abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi a matsayin sadaka gare shi. Maganin camfi ilimi ne. Gatari ba ya gyara aƙida, garin kawai yake bari a rana.

Abin da ya rage ga masu alƙalami

Na farko, a ƙirga abin da ke tsaye. Masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowace tsohuwar bishiya da sunanta. A yi rajista, unguwa unguwa, a sa sunan mai kula da kowacce. Kansiloli su yi dokar da za ta hana sare itacen da ke cikin rajistar ko yi wa ɓawonsa zobe, a kuma tsara yadda za a riƙa sassabe reshe bi da bi.

Na biyu, injiniyoyi da masu zanen gine-gine da ke karanta wannan, ku ne ke jan layin. Kwalbati na iya lanƙwasa. In babbar hanyar Nairobi ta kauce wa itace, magudanar ruwa ta gefen kasuwa ma za ta iya.

Na uku, masu kula da shirye-shiryen dashe su sauya ma'auni. Kada a biya kowa don ya dasa. A biya shi don itacen ya ga damina ta uku. A sa ceɗiya da durumi da gamji da ɓaure cikin jerin abin da ake kafawa a makarantu da asibitoci da wuraren da ƴan gudun hijira ke zaune.

Na huɗu ya shafi ƴan asalin yankin da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas. Muryarku tana da nauyi in kun ga dama. Garin Bagega ya zauna cikin guba ana ta jan ƙafa, sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin share shi a farkon 2013. Abin da ake nema a nan bai kai wannan wahala ba. Kuɗin tukunya ɗaya da ƙasarta da takinta zai kafa rassa masu yawa a firamaren da kuka yi, ya kuma biya yaron da zai ba su ruwa a bazarar farko. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari da ke tara kuɗin kalanda da liyafa, ga aikin da zai fi su daɗewa.

Kowane babban durumi da ke ƙofar fada a ƙasar Zamfara, wani ne ya kafa shi yana reshe, yana sane da cewa ba shi zai sha mafi kyawun inuwarsa ba. Ba shi da digiri, ba shi da kasafi, ba a ɗauke shi hoto ba. Zamanin da ya fi kowanne yawan masu digiri da kasafi da kyamara shi ne ke shirin miƙa wa na baya fili fetal. Damina na tafe, reshe kyauta ne, kuma abin da za a tambayi mutanen wannan zamani ba yawan ganyen da suka goge ba ne, a'a, mutum nawa ne suka zauna a inuwar da suka bari.